Majalisar Sarakunan Arewa da Siyasar Jam'iyyu

 Abin da ya sa na ɗauki alƙalami bana shi ne wata gardama da na jawo a ƙofar gidanmu ba da niyya ba.

Wata rana a zangon karatun da ya wuce, malaminmu na darasin gwamnati ya koya mana cewa Majalisar Tarayya da ke Abuja kashi biyu ce, watau Majalisar Dattawa mai mutum 109 da Majalisar Wakilai mai mutum 360, amma kowace jiha majalisa ɗaya tak gare ta, kamar tamu ta Katsina mai mutum 34. Da na koma gida bayan la'asar sai na tarar da kakana zaune a gindin darbejiya tare da wani tsohon amininsa, kamar yadda suka saba. Ni kuwa da ɗokin sabon karatu sai na shiga zayyana musu. Kakana ya bari har na kai aya, sa'an nan ya ce, "Kai yaro, malaminku na yau ya gaya maka. A zamaninmu majalisa biyu ce a Kaduna, ta wakilai a ƙasa, ta sarakuna a sama."

Amininsa ya ce, "Ƙwarai kuwa, Malam. Kuma ta saman nan ta fi mutunci, don babu ruwanta da jam'iyya."

Kakana ya yi dariya har da buga sanda a ƙasa, ya ce, "Haba Alhaji! Babu ruwanta da jam'iyya? Ai ita ce uwar jam'iyyar."

Ashe tsohon miki na fama. Kakana ɗan NEPU ne tun yana saurayi yana kai auduga fuloti a kan jaki, amininsa kuwa ɗan gidan dagaci ne, NPC ya yi har aka rushe ta. Ba su bar gardamar nan ba sai da aka kira magariba. Ni kuma tun daga ranar na shiga bincike a laburare da wajen malamaina, don in gane wanda ya fi gaskiya a cikinsu. Ga abin da na samo.

Asalin majalisar

Da farko ya kamata mai karatu ya lura, idan na ce Jihar Arewa ba irin jihohin yau nake nufi ba. Ina nufin Arewa gaba ɗayanta, daga Sakkwato zuwa Barno, daga Katsina zuwa Ilori da Binuwai, wadda hedkwatarta take Kaduna. An kasa ta larduna, mu nan muna cikin Lardin Katsina.

Turawan mulkin mallaka ta hannun sarakuna suka mulki Arewa. Sarki shi ne shugaban En'e, a ƙarƙashinsa ake tara haraji da jangali, kuma alƙalai da 'yan doka da gidan yari duk nasa ne. Tun daga 1930 aka fara kiran sarakuna taro a Kaduna don su ba da shawara, amma taro ne kawai, ba majalisa ba. Sai da tsarin mulkin Gwamna Richards ya fara aiki a 1947 aka kafa wa Arewa majalisu biyu, Majalisar Sarakuna da Majalisar Wakilai. Turawan sun kwaikwayo abin da suka sani a gida ne, domin a Ingila akwai majalisar zaɓaɓɓu, akwai kuma majalisar iyayen ƙasa wadda a lokacin mafi yawan 'yan cikinta gadon kujerunsu suka yi.

A wancan matakin majalisun biyu ba sa yin doka, shawara kurum suke bayarwa. Amma su ke tura wakilan Arewa zuwa majalisar ƙasa a Ikko. Majalisar Sarakuna ta tura sarakuna 4, cikinsu har da Sarkin Katsina Alhaji Usman Nagogo, wanda ya hau gadon mahaifinsa Sarki Dikko a 1944. A 1951, da tsarin mulkin Gwamna Macpherson ya zo, sai aka ba majalisun ikon yin doka sosai. Wurin zamansu shi ne ginin nan mai ƙubba da ake kira Lugard Hall, wanda aka sa wa sunan Gwamna Lugga, inda Majalisar Dokokin Jihar Kaduna take a yau.

Su wa ke ciki

Ba a shiga Majalisar Sarakuna da ƙuri'a. Duk sarki mai sanda mai daraja ta ɗaya, watau sarkin yanka, sarautarsa ita ce kujerarsa. Ranar da aka naɗa shi ya zama ɗan majalisa, kuma ba ya fita sai mutuwa ko murabus ko tuɓewa. Cikin waɗannan akwai Sarkin Musulmi, da Shehun Barno, da sarakunan Gwandu, Kano, Katsina, Zazzau da Bauchi, da Lamidon Adamawa, da Sarkin Ilori, da Etsu Nupe, da wasunsu. Bayan su sai sauran sarakuna waɗanda ake zaɓowa daga larduna. A tsarin 1951 su 37 ne, amma a tsarin da aka shiga 'yancin kai da shi an kai su 95. Ta wannan ƙofa sarakunan ƙananan masarautu na Filato da Binuwai da Kabba da kudancin Zariya suka samu shiga. Saboda haka kada a ɗauka majalisar ta Hausa da Fulani ce kaɗai, ko ta Musulmi kaɗai. Tor Tiv yana ciki, da Aku na Wukari, da Atta na Igala, da Sarkin Kagoro.

Akwai kuma kujera ɗaya ta musamman wadda ba ta sarki ba ce, ta mai ba da shawara kan shari'ar Musulunci. Wazirin Sakkwato Junaidu, babban malamin nan, ya riƙe ta. Shugabancin majalisar da farko yana hannun babban Baturen da ke mulkin Arewa, daga baya aka miƙa shi ga Sarkin Gwandu Alhaji Haruna, wanda ya riƙe har zuwa 1966. Da Hausa da Turanci ake magana a ciki, kuma bisa girman sarauta ake zama, Sarkin Musulmi ne kan gaba, sai Shehun Barno.

To, ina mutanen Funtua a cikin wannan lissafi? Amsa ita ce hakimi ba ya shiga, komai yawan jama'arsa, domin a ƙarƙashin sarki yake. Sarkin Maska da ke nan Funtua, da Galadiman Katsina da ke Malumfashi, da Makama da ke Bakori, duk hakiman Sarkin Katsina ne, saboda haka shi ke magana da yawunsu da na talakawansu a majalisar sama. Hakimin da ke son shiga majalisa sai dai ya tsaya zaɓe ya shiga ta ƙasa. Wannan batu yana da muhimmanci, zan kuwa komo kansa.

Ikonta

Daga 1951 ba a yin doka a Arewa sai ta bi ta majalisun biyu. Dokar kuɗi daga Majalisar Wakilai take farawa, amma ita ma sai ta je gaban sarakuna. Idan aka sami saɓani kuwa, sai kowace majalisa ta ba da wakilai adadi ɗaya da na 'yar'uwarta, su zauna tare su yanke. Ku lura da kyau, wannan ya nuna nauyin sarakuna daidai yake da na zaɓaɓɓu. A Ingila, inda aka kwaikwayo abin, tun 1911 aka rage wa iyayen ƙasa ƙarfi, kuma daga 1949 ba sa iya tsare doka fiye da kamar shekara guda. Watau a takarda, tamu ta Kaduna ta fi ta London ƙarfi.

Ga misalai uku na inda aka ji muryar sarakuna. A taron Ibadan na 1950, inda aka tattauna sabon tsarin mulki, Sarkin Zazzau Ja'afaru, tare da goyon bayan Sarkin Katsina, ya tsaya kai da fata sai an ba Arewa rabin kujerun majalisar ƙasa. Haka kuwa aka yi, Arewa ta sami 68 cikin 136. A 1953, bayan rigimar neman mulkin kai da tarzomar da ta biyo baya a Kano, majalisun biyu suka zauna suka amince da buƙatu 8 waɗanda suka nemi a sakar wa kowace jiha harkokinta. Wannan yana cikin abubuwan da suka kai Nijeriya ga tsarin tarayya a 1954. Na uku shi ne dokar hukunta laifuffuka da ake kira Final Kot, wadda aka zartar a 1959 ta fara aiki a 1960. Sarakuna ba su saki jiki da ita ba sai da malamai, ƙarƙashin Waziri Junaidu, suka zauna suka bi ta dalla-dalla. Bugu da ƙari, bayan 'yancin kai, a zaman haɗin gwiwa na majalisun biyu ake tabbatar da mutum 12 da za su wakilci Arewa a Majalisar Dattawa ta Ikko.

Inda siyasa ta shigo

Yanzu sai mu zo kan gardamar tsofaffin nan. A gaskiya amininsa kakana bai yi ƙarya ba. A cikin Majalisar Sarakuna babu ɓangaren gwamnati da ɓangaren 'yan hamayya. Babu sarkin da ya shiga da tutar jam'iyya, kuma abin da ake faɗa a hukumance shi ne sarki uban kowa ne. To amma idan aka leƙa bayan labule sai a ga wani abu dabam.

An kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, kuma daga baya Malam Aminu Kano ya zama shugabanta. Kiranta shi ne sawaba ga talaka, a rage wa En'e ƙarfi, iko ya koma hannun waɗanda jama'a suka zaɓa. A cikin wannan watan ne kuma Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tashi a Majalisar Wakilai ya nemi a gyara tsarin En'e. Malam Sa'adu Zungur ma, a cikin waƙarsa mai suna Arewa Jumhuriya ko Mulukiya, ya ja hankalin sarakuna su gyara tun lokaci bai ƙure ba. Ke nan iskar canji ta fara kaɗawa ta ko'ina, sarakuna kuwa sun ji ta.

Jam'iyyar Mutanen Arewa, watau NPC, ƙungiyar 'yan boko ce da farko, sai a 1951 ta zama jam'iyyar siyasa, kuma ta zaɓi ta tafi tare da sarakuna. Zaɓen wannan shekara hawa-hawa aka yi shi, daga ƙauye zuwa gunduma har zuwa lardi, kuma an ba En'e damar ƙara mutanenta a hawan ƙarshe. NEPU ta yi rawar gani a hawan farko a birnin Kano, amma da aka kai ƙarshe ba ta tsira da kujera ko ɗaya ba. Waɗanda suka shiga Majalisar Wakilai mafi yawansu hakimai ne da 'yan majalisar sarki da ma'aikatan En'e da 'ya'yan sarauta.

Ku dubi manyan gwamnatin kanta. Firimiya Sir Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato ne, jinin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Ministan Kuɗi Makaman Bida ne. Ministan Ilmi, Alhaji Isa Kaita, Wazirin Katsina ne. Daga wannan yanki namu, Sarkin Maska Alhaji Shehu Usman ya riƙe Ministan Ayyuka, Malam Mamman Nasir kuma, wanda daga baya ya zama Galadiman Katsina Hakimin Malumfashi, ya riƙe Ministan Shari'a. Ga abin da na ce zan komo kansa. Hakimi yana majalisar ƙasa da tutar jam'iyya, sarkin da ya naɗa shi yana majalisar sama ba tuta. A Kaduna majalisunsu dabam-dabam, amma in an koma gida fada ɗaya suke zuwa gaisuwa. Yaya za a yi a ce babu abin da ya haɗa su?

Ba a nan abin ya tsaya ba. Wasu manyan sarakuna ministoci ne marasa ma'aikata a cikin gwamnatin NPC, ana zaman majalisar zartarwa da su. Sarkin Musulmi Abubakar na Uku yana cikinsu, da Sarkin Kano Muhammadu Sanusi, da Sarkin Katsina Usman Nagogo, da Aku na Wukari. Saboda haka kafin doka ta iso zauren sarakuna an riga an daidaita ta da manyansu. Shi ya sa da wuya a ji majalisun biyu sun yi karo a fili, kuma zaman sarakuna ba ya daɗewa. Wanda ya ga shirun zai ce babu siyasa. Alhali kuwa shirun na nuna cewa kusan kowa hanya ɗaya ya bi.

A ƙauye kuwa, inda talaka yake, abin ya fi fitowa fili. En'e ke ba da izinin yin lacca, 'yan dokarta ke kamu, alƙalinta ke hukunci, mutanenta ke yanka haraji. Tarihi ya tabbatar da cewa a wurare da yawa na Arewa an ɗaure 'yan NEPU saboda taro ba izini ko kuma zargin zagin sarakuna. Kakana ya ce shi kansa ya kwana uku a tsare saboda ya je sauraron lacca a wata kasuwar ƙauye, kuma a shekarar sai da aka ƙara masa haraji. Amininsa bai musa ba, sai dai ya ce samarin NEPU ma ba kanwar lasa ba ne, bakinsu ba linzami, har dattawa suke yi wa waƙar zambo. Wannan ma kakana bai musa ba. Ko ma dai mene ne, a zaɓen Majalisar Wakilai ta Arewa na 1961, cikin kujeru 170 NPC ta kwashe wajen 160, NEPU ta tashi da 1. Mata kuwa ba su yi zaɓe ba sam, domin a Arewa ba a ba su ƙuri'a ba sai a shekarun 1970.

Reshe ya juye da mujiya

Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A 1951 jam'iyya ce ke bukatar sarakuna. Bayan shekara goma sai ga shi sarakuna ne ke bukatar jam'iyya. Yaya aka yi haka?

Abin a hankali ya zo. Dokokin En'e na 1952 da 1954 sun hana sarki yanke hukunci shi kaɗai, sai tare da majalisarsa. A 1953 da 1954, tun Turawa na nan, an raba sarakuna da dama da gadajensu, cikinsu har da Lamidon Adamawa da Sarkin Bauchi. Da Arewa ta sami mulkin kai ranar 15 ga Maris 1959, sai maganar naɗi da tuɓewa ta koma ana yanke ta bisa shawarar wata ƙaramar hukuma wadda ta ƙunshi Firimiya da wasu sarakuna. A 1962 kuma aka yi dokar da ta sa aka naɗa 'yan siyasa Kwamishinonin Larduna a madadin Razdan. Watau yaron da jiya yake faɗuwa gaisuwa a fada, yau shi ne wakilin gwamnati a kan sarki.

Babban abin da ya girgiza kowa shi ne na Kano. Sarki Muhammadu Sanusi yana cikin ginshiƙan da NPC ta jingina da su tun yana Ciroma. Minista ne, har ya taɓa riƙe kujerar Gwamnan Arewa na ɗan lokaci a 1961. Amma a 1962 gwamnati ta sa wani Bature mai suna Muffett ya binciki kuɗin En'en Kano, kuma a 1963 Sarki ya yi murabus aka kai shi Azare. Masana har yau suna gardama kan ko maganar kuɗi ce zalla, ko kuwa gwajin ƙarfi ne tsakaninsa da Sardauna. Abin da ba a gardama a kai shi ne, majalisar da a takarda ta fi ta London ƙarfi ba ta iya tsare ɗaya daga cikin manyanta ba. Kowane sarki ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta, ya shafa wa nasa ruwa. Magoya bayan Sarki Sanusi har jam'iyya suka kafa a Kano don nuna fushinsu, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Ba Arewa kaɗai ba ce. Jihar Yamma ma tana da tata Majalisar Sarakuna, kuma a can a tsakiyar shekarun 1950 aka tuɓe Alafin na Oyo aka kore shi daga garinsa, bayan ya sami saɓani da jam'iyyar Awolowo mai mulki. Darasin ɗaya ne. Kujerar da ba ƙuri'a ta ba ka ita ba, wanda ke da ikon tuɓe rawaninka shi ke da ita.

Ƙarshen majalisar

Ranar 15 ga Janairu 1966 sojoji suka yi juyin mulki, aka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa, aka rufe majalisu duka. Majalisar Sarakunan Arewa ba ta sake zama a matsayin mai yin doka ba. A 1967 Janar Gowon ya raba ƙasa jihohi 12, Katsina da Zariya suka zama Jihar Arewa ta Tsakiya, wadda daga baya aka mai da ita Jihar Kaduna. A 'yan shekarun da suka biyo baya gwamnati ta karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo ƙarshen En'e ɗungum, a nan ne Funtua ta zama ƙaramar hukuma, dokar filaye ta 1978 kuma ta danƙa ƙasa a hannun gwamna. Tsarin mulkin 1979 ya ba kowace jiha majalisar dokoki ɗaya, ya bar wa sarakuna majalisar ba da shawara. Na 1999, wanda muke kai yanzu, bai tanadar musu wani aiki ba.

Kada kuma a ɗauka majalisa ɗaya ba ta da nata ciwon. A 1979, lokacin muna Jihar Kaduna, Alhaji Balarabe Musa na PRP ya ci gwamna, amma NPN ke da rinjaye a majalisa. Suka ƙi amincewa da kwamishinoninsa, daga ƙarshe suka tsige shi a watan Yuni na 1981, babu wata majalisa ta biyu da za ta ce a dakata. A Kano kuma majalisar jiha ta yi dokar ƙirƙiro sababbin masarautu a 2019, aka tuɓe Sarki Muhammadu Sanusi na Biyu, jikan wancan na farko, a 2020, sa'an nan a 2024 wata majalisar ta soke dokar aka mai da shi. Dā sarakuna ke duba dokar 'yan majalisa, yau 'yan majalisa ke yin doka a kan sarakuna.

Abin da na fahimta

Wataƙila wani zai ce mene ne amfanin tono abin da ya wuce shekara sittin? Amfaninsa shi ne maganar ba ta mutu ba. A 'yan shekarun nan, duk lokacin da aka tashi gyaran tsarin mulki sai an kawo shawarar a ba sarakuna gurbi a ciki. Mu nan kudancin Katsina mun san dalili. Mun ga yadda 'yan bindiga suka hana manoma zuwa gona a wajejen Faskari da Sabuwa da Ɗandume, mun kuma ga yadda aka sace ɗalibai 'yan'uwanmu fiye da 300 a Ƙanƙara a watan Disamba na 2020. Aminin kakana kullum cewa yake, a dā baƙo ba ya kwana a gari mai unguwa bai sani ba, mai unguwa ya gaya wa dagaci, dagaci ya gaya wa hakimi. Wannan gaskiya ce, kuma babu mai hankalin da zai raina ta.

Sai dai tarihin nan ya koya mini cewa ba a ba mutum iko a ce kuma siyasa ba za ta bi shi ba, kamar yadda ba a ajiye zuma a hana ƙuda zuwa. Wasu ƙasashe sun nemi mafita. A Ghana akwai Majalisar Sarakuna ta ƙasa a Kumasi, tana kula da al'amuran sarauta da al'ada, amma tsarin mulkinsu na 1992 ya hana sarki shiga siyasar jam'iyya, wanda ke so sai ya ajiye sarauta. A Ingila kanta, a 1999 an fitar da mafi yawan masu gadon kujera daga majalisar iyayen ƙasa. A nawa ɗan ƙaramin tunani, idan za a ba sarakunanmu gurbi, to, a ba su na shawara da sulhu da sa ido kan tsaro, kada a mai da su masu yin doka ba tare da ƙuri'ar kowa ba. A kuma ɗaure hannu biyu, sarki kada ya yi wa jam'iyya aiki, gwamna kuma kada ya tuɓe sarki sai da ƙwaƙƙwaran dalili a gaban shari'a. In aka ɗaure ɗaya aka saki ɗaya, to, za a maimaita 1963.

Da na gama rubutun nan na karanta wa tsofaffin biyu a gindin darbejiyar. Na ce musu a ganina kowannensu ya riƙe rabin gaskiya, majalisar ba ta da jam'iyya a zaure, amma tana da ita a soro. Aminin kakana ya ce, "Yaron nan ya yi ƙoƙari, Malam, sai dai jininka ya ja shi." Kakana ya ce, "A'a Alhaji, ai sassauta muku ya yi." Suka yi dariya, aka ɓare goro aka raba biyu. Mutanen da suka yi shekaru ba sa ga maciji saboda fartanya da tauraro, yau ga su tabarma ɗaya, kowa jikansa na kiran ɗayan Kaka.

Ina roƙon 'yan'uwana ɗalibai, duk mai tsoho a gida wanda ya ga wancan zamani, ya zauna ya tambaye shi tun yana da rai, domin waiwaye adon tafiya ne. Iyayenmu kuma, in na yi kuskure a wani wuri a gyara mini, ɗan koyo ne ni. Allah ya jiƙan magabatanmu, na Salama da na Sawaba baki ɗaya, ya ba ƙasarmu zaman lafiya da damina mai albarka, amin.